Tayar Ciki

Ranar da na dawo daga Fatakwal, bayan kwana huɗu a hanya, ko takalmi ban cire ba matata ta ce Baba ya aiko har sau biyu. Wai wani Alhaji mai fataucin siminti a Titin Bauchi zai sayi tsohuwar tirela a unguwar Kabong, ya nemi Baba ya duba masa, Baba kuma yana so in raka shi. Na ce haba, wannan wace irin rayuwa ce, mutum ko ruwa ba zai watsa ba? Na gama mitata a gabanta, ita da ba ruwanta, sannan na ɗauki hulata na fita. Ana yayyafin nan na watan Agusta, wanda ba ya jiƙa riga sosai amma yana shiga ƙashi.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, kamfanonin kuza suna ta tattara nasu ya nasu, tsofaffin motocinsu sun cika Jos. Baba ya yi shekara talatin yana jan motocin nan. Da ya ajiye tuƙi abu guda ya rage masa: duk mai sayen babbar mota sai ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama. Da wani guntun rodi yake aiki. Ya buga taya, ya buga shasi, ya karkata kai ya saurara. Yakan ce, "Mutane na cewa gani ya kori ji. A mota, ji ne ya kori gani." Da wannan kunnen aka san shi, shi ya sa ake tashi a ba shi kujera a tasha.

Kunnen ne kuma ya tafi. Ni na sani, shi bai sani ba, ko kuwa bai yarda ya sani ba. A masallaci sai ya ga sahu ya sunkuya yake yin ruku'u. In mutum ya yi masa magana, ni nake maimaitawa da ƙarfi, kamar ni ne daƙiƙin da bai gane ba. Na fi shekara ina wannan aikin, kuma wallahi na gaji. Tuƙin Fatakwal bai kai shi cin rai ba.

Mun tarar da tirela biyu a wani fili bayan coci, duka marasa bango, shimfiɗar katako kawai a kan ƙarfe. Mai sayarwar tsohon heluma ne, wato shugaban leburorin ma'adinai, ɗan Kabong, sun san juna da Baba tun suna samari. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu.

"Oga direba, ka zo? Tirela nan yana da kyau, ba na ɓoye maka komai."

Alhaji na tsaye ƙarƙashin lema yana ɗage babbar riga kada taɓo ya taɓa ta. Shi ƙaramar ya so, mai taya ɗaɗɗaya a kowane gefe, don a ganinsa taya kaɗan, ɗawainiya kaɗan. Baba ya yi dariya. A bakinsa taya ɗaya gwauro ce, biyu a jere kuwa tagwaye.

"Alhaji, gwauro ba ya ƙarya, wannan gaskiya ne. In ya sace, ko makaho ya gani. Amma siminti za ka ɗora. Gwauro ya fashe a gangaren Hawan Kibo da buhu ɗari a kansa, sai dai a tara mutane. Tagwaye suna raba nauyi, ɗaya ya faɗi ɗaya ya riƙe ka har ka tsaya. Aibinsu guda ne. Ta ciki takan mutu ta waje ta rufa mata asiri, kai kana tafe ba ka sani ba, har ita ma ta yi zafi ta tashi."

Alhaji ya ce to a duba babbar, don yau ɗin nan yake so a ɗaura mata kan motar da zai ja ta a yi lodi, gobe da safe ta sauka Akwanga. Na maimaita da ƙarfi, "Alhaji, yau za a yi lodi ke nan?" Alhaji ya dube ni kamar ya ce wa Baba wannan ɗan naka lafiya kuwa.

Baba ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashi, mutum mai shekara kusan saba'in, a kan buhu cikin laka. A nan kam ba wanda ya kai shi. Ya kankare baƙin mai da farce ya nuna wata tsohuwar walda a shasi, ya ce wanda ya yi ta ya iya, za ta riƙe. Ya ƙirga ganyen sifirin, ya sami guda da aka sauya. Ya hau sama ya bi katakon da dunduniya, ya ware uku da suka ruɓe. Ya shafa cin tayoyin da tafin hannu don ya ji ko sun ci ta gefe guda, alamar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun ya lanƙwashe. Ya zaro wani dutse da ya maƙale tsakanin tagwayen baya, ya jefa wa helumar yana masa tsiya, wai tsarabar ramin kuza ce ya ɓoye.

Sannan ya ɗauki rodinsa ya soma bin tayoyin. Mai iska tana amsawa tau, ƙarfen ya dawo hannunka. Ta farko tau, ta biyu tau. Ya zagaya hagu, ya zura hannu ya bugi ta ciki ta baya. Buf. Kamar ka bugi buhun dusa.

Baba ya wuce ta gaba.

Ni kam na ji. Na dubi helumar, na ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya ji shi ma, kuma na tabbata bai san da ita ba, don motar ta yi wata uku a ajiye. Alhaji kuwa ko ganga aka buga masa bai san bambanci ba.

Baba ya miƙe yana goge hannu. "Takwas ɗin nan duk suna da rai. A yi lodi."

To, ni ɗan fari ne. Baba ko sunana ba ya kira, don kunya. Yaya zan buɗe baki a gaban mutane in ce tsohona ya yi kuskure a kan abu ɗaya tak da ya rage masa? Kafin la'asar labarin ya gama tasha. In na yi shiru kuma, gobe wani direba mai 'ya'ya kamar ni zai sauka gangaren nan a kan taya guda. Haushi ya kama ni, na Alhaji da gaggawarsa, na helumar da ya bar ni da kayan, har da na Baba.

Na matso kusa da shi na ɗaga murya. "Baba, ɗazu da ka bugi ta cikin nan na ga ka ɗan tsaya. Ita ce kake so in gwada?"

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Gwada."

Na durƙusa na danna bakin tub ɗin da tsinken ashana. Ko huci ba ta yi ba.

"Allahu akbar!" in ji Alhaji. "Kunnen tsoho! Wallahi shi ya sa ba na sayen ko keke sai ka gani." Helumar ma ya kama, yana ta "oga direba, oga direba," ya aika a kira mai faci. Baba ya sa rigarsa a kan jikinsa mai laka, ya karɓi godiyar da kai kawai.

Alhaji ya ce zai sauke mu a gida, Baba ya ce yana da sayayya a kasuwar Terminus. Ba abin da ya saya. Muka taka tun daga Kabong, yana gaba ina baya. A bakin kasuwa muka tsaya jiran bas, 'yan kamasho na ta ihu, masu dankali na jan buhuna daga ruwa. Ina tunanin tuwo da katifa kawai, ina kuma ce wa kaina na yi dabara, an rabu lafiya.

Bai juyo ba ya ce, "Kai. Tun yaushe?"

Na yi kamar ban gane ba. Ya juyo ya kafa wa bakina ido, don ya ga amsar.

Na ce, "Tun daminar bara, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bas ta zo ta cika ta tafi, ba mu motsa ba.

"Mota goma sha ɗaya na duba tun daminar bara," in ji shi. "Huɗu kana kan hanya, ba ka nan."