Malam Sadiƙu Ya Sake Hawa Tsani

Malam Sadiƙu magini ne, ɗan magini, a Limancin Kona. Shekara arba'in ya yi yana kwaɓa ƙasa yana jera azara, rabin sorayen unguwar aikin hannunsa ne. Shekara shida ke nan da ya zamo daga wani soro ƙugunsa ya goce, tun daga ranar ko benci ba ya son takawa.

Matarsa Ummukulsum tana da ciwon suga. Allurarta sai wuri mai sanyi, wuta kuwa sai ta ga dama take leƙowa. A gindin randa suke ajiye kwalaben, bazarar bara maganin ya lalace, ta yi mako biyu a kwance. Shi ya sa da wani kamfani ya zo da maganar kafa sola wadda za ta ba gida talatin wuta ba yankewa, Malam Sadiƙu ya riga kowa miƙewa.

Injiniyan kamfanin, Zaharaddini, a Fatakwal ya tashi, ya daɗe a bakin teku yana zama da masunta kan maganar injinan wutar iska. Ya iya da jama'a, wannan kam ba a raba shi da ita. Ya gaida mai unguwa, ya gaida liman, ya tura mata biyu gida-gida suka ji ta bakin matan aure. Sannan ya tambayi Malam Sadiƙu ko akwai abin da zai kiyaye. Malam ya ce lokutan salla da ranar Juma'a, shi ke nan.

Bai gaya masa ana shela kafin a hau rufi ba, don matan maƙwabta su kimtsa. Wa ke gaya wa babba wannan? Ai kamar ka ce masa ya yi sallama ne kafin ya shiga gidan mutane.

Ranar Talata da hantsi ma'aikata uku suka haye rufin Islamiyyar unguwar, inda za a kafa solar, shiru abinsu. Bayan katanga, iyalin Alhaji Labaran suna wanki a tsakar gida, ba ko mayafi. Kafin azahar Alhaji ya tara dattawa, ya ce a kwashe kayan, ba ya son wutar da za ta buɗe masa gida. Kamfanin kuwa yana da wata unguwar da ke jira.

Malam Sadiƙu ya ja ƙafa har zauren Alhaji, ya durƙusa da ƙyar.

"Alhaji, yaran nan ba su da laifi. Ni aka tambaya, ni na yi shiru."

"Kai da ka girmi kowa a sana'ar, Malam?"

"Wallahi ban zaci akwai wanda bai sani ba."

Alhaji ya ce, "To, baƙo ba zai ƙara hawa ba sai kana sama. Muryarka iyalina suka sani."

Washegari aka jingina tsani. Tsoro ya kama Malam Sadiƙu sosai, bai kuma ɓoye ba. Zaharaddini ya riƙe tsanin da hannu biyu yana ta "a hankali, Baba". A mataki na huɗu Malam ya tsaya, ya cika ƙirji.

"Za a hau sama! Mata a kimtsa!"

Ya jira, kamar yadda ake yi, sannan ya ƙarasa. Kwana tara yana hawa yana sauka.

Ranar da wuta ta kama, ya dawo ya tarar da Ummukulsum ta jona tsohon ƙaramin firjinsu tana jera kwalabe a ciki. Ya zauna a bakin ƙofa, wani sanyi ya sauka a zuciyarsa.

"Malam, ka gama hawa ke nan ko?" in ji ta, ba ta waiwayo ba.

"Na gama."

"Alhamdu lillahi. Kwana tara ban iya cin abinci ba sai na ji ka sauko."