Ƙahon da Muka Ba Kura Ajiya

Mota uku ta doya aka tare mini a kaka ɗaya a hanyar Adogi, kuma wanda ya tura yaran da suka tare ta ukun, tare muke sallar Juma'a. A lokacin kowane dillali yana da yaransa da bindigarsa ta toka. Ka kwana ba ka san kayan wa za a kwashe gobe ba. Da aka kira taro a kan mu sallami yaran, mu miƙa bindigogin ga ƙungiya guda ta tsare hanya, kakata ce ta faɗo mini a rai.

Iya Falmata muke ce mata. Bayan sallar isha takan tura doya cikin garwashin murhu a tsakar gidanmu na Lafia, ni da ƙanwata Hajara mu matso. Ba ta rufe tatsuniya da ƙurunƙus. Tambaya take jefo maka, ta bar ka da ita.

Wata rana ta ba mu labarin garin raguna. Ciyawa tana nan, ruwa yana nan, amma kowa da ƙahonsa. Babba ya tunkuɗe ƙarami, ƙanana su haɗu su jefa babba rijiya. Ba mai barci, ba mai ƙiba, kullum a wayi gari da gawa. Sai wani tsohon rago ya ce kowa ya cire ƙahonsa a kai wa kura ajiya, ita ta riƙa raba faɗa. Kura ta yarda, ladanta rago ɗaya duk Juma'a. Gari ya yi lafiya, 'yan raguna suka yi ɓulɓul. Daga baya kura ta haihu, lada ya koma biyu. Da suka je kuka, suka tarar da ita kwance a kan ƙahonnin.

Iya ta juya doya, ta dube mu. "To, wa zai ba da nasa?"

Hajara ta ce ita ba za ta bayar ba.

"Ke da ko tsayin turmi ba ki kai ba? Yau ɗin nan za a jefa ki rijiya. Kai fa, maigidana mai kan tulu?"

Na ce zan ba da ɗaya, in ɓoye ɗaya.

Ta yi dariya har da tari. "Kana tsammani kai kaɗai ke da wayo? Kowa ya ɓoye ɗaya, kun koma inda kuka fito, ga kura kuma a kanku."

"To wanne ne daidai, Iya?"

"Ci doyarka kafin ta huce."

Na daɗe ina ganin rowa ta yi mana. Sai a wurin taron nan na gane ba ta da amsar da za ta ɓoye. Na ɗaga hannu, idona biyu, na miƙa bindigar da na gada wurin mahaifina.

Hanya ta gyaru. Da farko doya biyu 'yan ƙungiyar suke cirewa a kowace ƙwarya, wato cikin ɗari. Yanzu goma ne, kuma su ke zaɓa. Bara direbana Ɗanjuma, wanda muka fara sana'ar nan tare tun ina hayar mota, ya ce musu an riga an cire a shingen baya. Suka sauke shi, suka karya masa hannun dama da gindin bindiga.

Na je wurin shugabansu. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

"Alhaji, ai ku kuka ce mu tsare hanya. In an gaji da mu, sai mu tashi gobe."

Na sha ruwan, na yi masa godiya, na fito. Na san abin da zai dawo in suka tashi, shi ma ya san na sani.

Ni ɗan kasuwa ne, na zauna na auna. Tun daga taron ba a sake tare mini mota ba. Ina barci, yarana suna makaranta, na ƙara shago. A ɗaya gefen akwai doya goma a ƙwarya, da hannun mutum ɗaya. Ribar ta rinjayi asarar, ko sau nawa na auna haka take fitowa. Ɗanjuma yanzu yana zaune a bakin shagona, yana jera doya da hagu. Kullum da safe yakan gaishe ni, in amsa, kuma har yau ban iya yi masa wannan lissafin ba.