Kular Gurasar Goggo

Jiya a gidan suna a Mahuta, Rahila, 'yar maƙwabtanmu, ta buɗe kular gurasa, tururi ya tashi. Mata suka ce, "Hannun marigayiya sak!" Marigayiyar Goggona ce, ƙanwar babana, ba tata ba.

Goggo takan ɗauraye kula da ruwan zafi, ta goge, ta shimfiɗa tawul, sannan ta jera gurasa daga tanderu tana ƙona yatsu. Wata rana za mu kai gurasar biki daga Tudun Wada, na miƙa hannu a cikin keke zan karɓi kular.

"Bari Rahila ta riƙe," in ji Goggo. "Ke sai kin leƙa, zafin ya gudu."

Rahila ta rungume kular a cinya, Goggo ta lulluɓe su da mayafinta mai ƙamshin hayaƙi. Ni kuwa na juya ina kallon titi har muka isa.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya haskaka kabarinki. Ni kuma ya ba ni zuciyar da zan ce wa Rahila ta koya min.