Mai Makaranta Mai Duba Tafin Hannu

Uwar da ta kawo 'yarta neman gurbin karatu tana ƙare wa mai makarantar kallo: kwat a sama, takalmin roba a ƙasa, taɓo har gwiwa. Ofishinsa tsohon ɗakin kaji ne. An kori kajin, an bar warin. Wai da yara bakwai ya fara, yau azuzuwa shida. Da gani, wani malami ne ya taɓa kora shi gona, yake ramawa.

Da takardar sakamakon yarinyar yake fifita, yana latsa tafin hannunta kamar mai taya akuya.

"Ta ɗaya take zuwa, Malam," in ji uwar.

"Madalla. Gobe ta zo da fartanya. Ciyawa ba ta karanta sakamako."

Uwar ta dubi kaushin nata hannun. Shi take guje wa 'yarta.