Itacen Kabarin Babana

Har yau idan na ji mutanen ƙauyenmu suna yabon babana, raina ɓaci yake yi. Bakin da ke cewa Allah ya jiƙan Malam, shi ne ke cin tuwon da aka tuƙa da gawayin itatuwansa. Su riƙe yabonsu, ba na so.

Malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Fakku, amma rabin darasinsa a daji yake ba da shi. Yakan kwashi ɗalibai zuwa bakin burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi, kowa ya faɗi sunan itace da amfaninsa. A nan yake da filin gado da bai taɓa nomawa ba. Ya bar ƙirya da marke da gawo suka tashi, duk kaka yana share musu gindi saboda wutar daji. Makiyaya su huta a inuwa, mata su tsinci busasshe, amma ba a shiga da gatari. A bayan idonsa mijin itace ake ce masa. Wanda ya fi kowa dariya shi ne ƙanensa, Baffa, da ke kallon filin kamar buhunan gawayi a tsaye.

Shekarar da ƙafa ta fara gagarar sa, na zo hutu daga Tambuwal inda nake aikin akawu. Ya ja ni bayan rumbu ya nuna mini wani dami na sanduna, an yanke su daidai wa daida. Rassan ƙirya ne da iska ta karya, ya yi shekaru yana tarawa. A wajenmu da itace ake rufe ramin kabari kafin a tura ƙasa, kuma ƙirya aka fi so don gara ba ta cin ta.

"Wanga nau na," ya ce. "Ran da nim mutu, da shi za a rufe ni. In anka shiga da gatari sau guda don ni, to an buɗe ƙofa ke nan."

Na yi dariya, na ce ai da sauransa. Maganar mutuwar uba tana da nauyi a baki, sai na haɗiye ta. Ban faɗa wa kowa ba.

Bayan na koma Tambuwal, wata rana da asuba ya rasu. Kafin waya ta same ni, kafin ɗan kabu-kabu ya kai ni, an riga an kai shi makwancinsa. Ina sauka aka miƙo mini kunun da aka dama wa masu ta'aziyya, na shanye don tun safe ban sa komai a ciki ba. Sannan na tambayi Baffa da me aka rufe shi.

Ya gyara zama, har da murmushinsa na wanda ya yi abin kirki. Wai shi da kansa ya ja samari suka sare babbar ƙiryar da ke tsakiyar filin.

"Mutum kamar Yaya ba a rufe shi da tarkace," in ji shi. "Itacenai na, shi ya fi kowa cancanta."

Sauran gungumen kuma, wai kada a yi asara, an riga an yi maganarsa da masu gawayi. Na dubi fuskarsa na tsane shi, kuma har gobe ban daina ba. Kafin sadakar arba'in hayaƙin masu gawayi yana tashi a wuri uku a filin. Da damina ta kewayo, makiyayan da suka dawo daga kudu ba su sami inuwar tsayawa ba, suka wuce. Tsofaffin ɗalibansa, waɗanda suka san sunan kowane itace, su ne suka fi iya zaɓen wanda ke ba da gawayi mai kyau.

Amma a ranar rasuwar, daga gaban Baffa bayan rumbu na nufa. Babu dami, sai igiyar a ƙasa. Na tambayi matan da ke girki a tsakar gida. Ɗaya ta ce ai Allah ya taimake su, sun tarar da busasshen itace a yanke, a ɗaure, ba wanda ya ce musu na wani abu ne. Da shi suka dafa kunun da na sha.