Santin Dambun Inna

Wata Asabar da kaka, ina aji huɗu a firamare, muka dawo daga roron gyaɗa muka tarar Inna ta sauke dambun masara da zogale, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli, man gyaɗa yana sheƙi a kai. Muka kewaye akushi a gindin dalbejiyar tsakar gida, kaji suna zagaye mu. A loma ta uku ban san lokacin da na ce, "Gobe ni kaɗai zan share garken awaki" ba. Yayana Sabo ya fashe da dariya: "Santi! Ku riƙe shi kar ya kyautar da gonar Baba!" A gidanmu duk wanda daɗin abinci ya sa ya saki baki, shi ne abin tsokana na mako guda, kuma labarin ya bi ni har filin langa na makaranta. Ni kuwa mutum ne mai saka abu a rai. Daga ranar na kulle bakina a gaban akushi. Na ci dambun Inna shekara da shekaru ban taɓa ce mata ya yi daɗi ba, sai dai in yi hamdala in tashi.

Yanzu ina tuƙi a gidan wani likita ɗan Kano a unguwar Ain Khaled, a ƙasar Larabawa. Rannan a mota matarsa, Hajiya, ta miƙa wa 'yarsu Hanifa wainar da ta soya. Yarinyar ta gutsura ta ce, "Jonmat, Mami!" Na tambaye ta me ke nan. Ta ce, "Baba Idi, maganar 'yan Koriya ce ta intanet, wato daɗi ya kai ƙarshe. A makarantarmu har Larabawa faɗa suke, ko shawarma aka saya." Ban maimaita ba, don ban san asalinta ba, ina tsoron kar zagi ne. Amma na ga murmushin Hajiya a madubi, kuma ba wanda ya yi wa yarinyar dariya. Abin ya burge ni, ya kuma tsaya mini a rai: Inna ta tsufa, ni kuma sai in yi shekara biyu ban je gida ba.

Bayan la'asar, a ɗakinmu na unguwar Najma, na kira Inna a waya. Na ce, "Inna, dambun nan naki na zogale, ban taɓa cin irinsa ba." Ta yi dariya har da tari: "Idi, sai yanzu santin ya taso? Ai ina ganin yadda kake suɗe akushi."

Da muna ɓoye yabo kamar kayan sata, yaran yanzu kuwa har aronsa suke yi daga nesa don su faɗa. Hannun Inna ba ya iya murza tsaki kuma. Amma kunnenta ya ji.