Ranar da Baba Ya Ƙone Min Funfuna

Ko da zan tsufa in manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da Baba ya cinna wa karatuna wuta ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero, aka ba ni aikin fitar da tsami daga ɓawon lemo, irin garin tsamin nan da ake zuba wa zoɓo. Sai ka busar da ɓawon, ka daka, ka jiƙa shi a kwalba, ka shuka masa wata baƙar funfuna, ita ce ke cin zaƙin ta bar maka tsami. Na sha wuya! Ni ce tashar Jega ina bin masu fere lemo da buhu, har suna ce min mai awaki. Sau biyu aikin yana lalacewa, a na uku ya kama, sai ga hutu, za a kulle ɗakin gwaji. In wannan ya mutu, ba zan gama tare da 'yan ajinmu ba. Na kwaso kwalabena zuwa gida Sabiyal, na jera su a inuwar rudu, rumfar da Baba ke ajiye albasarsa.

Ba na iya zama wuri ɗaya. In leƙa, in dawo, in sake leƙawa, har Inna ta ce ko mai jego ba ta kai ni ba.

Wata safiya na dawo daga aike, na hango hayaƙi a bayan gida. Na watsar da abin da ke hannuna na ruga. Baba ne tsaye da sanda, ya juye kwalaben cikin rami ya tula musu kara.

"Baba, karatuna ne!"

"Karatu?" ya ce. "Wanga baƙin abu shi ya cinye min albasa bara. Shi kinka kawo min bakin rudu kina ba shi abinci?"

Wallahi shi ɗin ne, funfunar da ke baƙanta albasa ita nake kiwo. Amma a lokacin ina na ga ta tunani? Na yi kuka har muryata ta dishe, na daina cin abinci, gaisuwa ma da ƙyar. 'Yan ajinmu suka gama suka bar ni, sai da na ƙara zango guda.

Baba bai taɓa ce min yi haƙuri ba. Sai dai da hutu ya sake zagayowa, ya ce in biyo shi gona. Can ƙarshenta, nesa da albasa, na tarar da ɗan ɗakin ƙasa sabo, har da ƙyaure da kwaɗo. Ya miƙo min makulli yana kallon wani gefe.

"Ki yi kiwon abinki nan. Ki wanke hannu kafin ki shigo min gida."

Nan na durƙusa ina kuka. Tun ranar na gane iyayenmu ba da baki suke ba da haƙuri ba, kuma wanda ya tsaya jiran kalmar, sai a ba shi haƙurin bai ma sani ba.